Kafin Ka Kunna Laftof: Yadda Ake Ƙulla Tunanin Gem Na Faɗa Da Rainon Jarumi

Kwanakin baya muna zaune a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin lakca, an ɗauke wuta, malami bai shigo ba, sai wani abokinmu ɗan HND a Kimiyyar Kwamfuta ya ce yana da wani tunani da zai girgiza makarantar nan. Gem zai ƙirƙira, kuma shi ne zai zama furojet ɗinsa na fita. Muka ce to, bisimilla. Ya shiga ba mu labari: wani yarima ne aka kashe mahaifinsa, aka kore shi daga gari, akwai masarautu bakwai, akwai takobin da aka binne shekara dubu, akwai ƙanin uba maci amana. Ya yi kusan minti arba'in bai numfasa ba. Da ya kai aya, wata 'yar ajinsu ta ce, "Malam, labarin ya yi daɗi wallahi. Amma ni da na riƙe waya, me zan danna? In na danna, me zai faru?"

Shiru ya yi. Bai taɓa tunanin wannan ba.

Ba dariya nake masa ba, domin kusan duk wanda ya taɓa mafarkin yin gem ta nan ya fara. Abin da ya kawo mana labarin fim ne, gem ɗin bai zo ba tukuna. Kuma in ya shiga rubuta kod a haka, samista biyu za su wuce, kuɗin data su ƙare, ranar kare furojet ta zo yana riƙe da hoton yarima mai kyau da ba ya motsi. Don haka na ga ya dace mu zauna mu duba yadda ake ƙulla tunanin irin wannan wasa tun daga tushe, kafin a taɓa kibod.

Wane irin wasa ake nufi?

Masu harkar suna kiransa da haruffa uku, RPG, wato wasan da kake shiga rigar wani jarumi kana rainonsa. Yana farawa da rauni, yana tara makin gogewa, yana hawa mataki, yana samun makami da sulke, kai kuma kana zaɓar ta inda zai ƙware. Asalin abin ba a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda, fensir da 'ya'yan dara masu lamba. Da aka mayar da shi kwamfuta, faɗan ya zo da tsarin bi-da-bi: ka zaɓi umarni, ka jira, abokin gaba ya yi nasa, kamar dara.

Reshen da muke magana a kai ya cire wannan jiran. Kai ne kake kai sara, kake gocewa, kake karewa, a daidai lokacin da abin ke faruwa. A Japan aka fara ganin alamunsa sosai a 1984, da wasanni irin su Dragon Slayer na kamfanin Nihon Falcom da Hydlide. Yau wanda ya taɓa leƙa gidan gem ko ya kalli bidiyon Elden Ring ko The Witcher 3 ya san fuskarsa.

To ka riƙe wannan: wasan yana da ƙafa biyu. Ƙafa ɗaya gwanintar hannun mai wasa ce, ɗayar kuma ƙarfin jarumin da ke cikin lissafi. In lissafi ya rinjaya, mai wasa zai tara mataki kawai ya tattake kowa yana hamma. In hannu ya rinjaya, zai tambayi kansa amfanin makin da yake tarawa. Duk aikin ƙulla tunani yana komawa kan yadda za ka sa ƙafafun nan biyu su yi tafiya tare.

Tambayar farko: me hannu yake yi?

Akwai labarin da ya kamata duk mai wannan buri ya sani. A tsakiyar shekarun 1990, David Brevik da abokan aikinsa a wani ƙaramin kamfani mai suna Condor suka kai wa Blizzard shawarar wani wasa mai suna Diablo. A takardarsu wasan bi-da-bi ne. Blizzard suka nace a mayar da shi na nan-take, Brevik ya ƙi, har aka kaɗa ƙuri'a a cikin ma'aikatansa ya sha kaye. Ya zauna ya gyara kod ɗin cikin 'yan sa'o'i. Shi da kansa ya sha ba da labarin lokacin da ya danna wani ƙwarangwal a allo, jaruminsa ya taka ya je ya tarwatsa shi, nan take ya gane sun samu wani sabon abu. Wasan ya fito a farkon 1997, ya zama uban wani babban reshe na wasannin da ake yi har gobe.

Duba abin da ya canza. Labarin bai canza ba, sunan bai canza ba, dodannin suna nan. Abin da ke faruwa tsakanin yatsan mai wasa da allo ne kawai ya sauya, sai ga wasa daban. Shi ya sa tambayar 'yar ajin nan ita ce ta farko.

Ɗauki takarda ka rubuta aikatau, ban da sunaye. Jarumina yana sara, yana gocewa, yana harbi, yana karewa, yana tsalle. Kada su wuce huɗu ko biyar. Sannan ka tambayi kowanne: me yake ci? Saran da babu abin da yake ci, mai wasa zai riƙa danna maɓallinsa ba ƙaƙƙautawa, faɗa ya koma daka. A Dark Souls na 2011, duk sara, duk gociya, duk kariya suna cin numfashin jarumi. In ka yi haɗama ka kai sara huɗu a jere, numfashi ya ƙare, ba ka da abin gocewa lokacin da bos ya ɗaga makami. Wannan ƙa'ida guda ita ta mayar da kowane faɗa lissafi: in ƙara ɗaya, ko in ja baya?

Zagayen da ke riƙe mutum

Bayan aikatau sai zagaye. Kowane wasa yana da abin da ake maimaitawa, kuma yana da kyau ka gan shi hawa uku.

Hawa na farko shi ne na daƙiƙa talatin: ka hango abokin gaba, ka karanci motsinsa, ka goce, ka rama, ka kwashi abin da ya bari. Hawa na biyu na minti goma zuwa ashirin ne: ka fita daga wurin aminci, ka kutsa cikin haɗari, jini ya ragu, ka yanke shawarar ci gaba ko komawa, ka dawo ka kashe abin da ka samo wajen ƙara ƙarfi. Hawa na uku na sa'o'i ne: ka buɗe sabon yanki, ka kayar da babban bos, labari ya matsa.

A Diablo hawa na biyu a fili yake. Gari ɗaya ne, Tristram, a ƙarƙashinsa kurkuku mai hawa goma sha shida. Ka sauka, ka yi faɗa, jaka ta cika, ka hau ka sayar, ka sayi abin da ya fi, ka sake sauka ƙasa da inda ka tsaya. Shi ke nan. In za ka iya zana zagayen wasanka da kibau huɗu ko biyar a bayan handawut, ka fara samun gem. In sai ka yi bayanin shafi uku, akwai sauran aiki.

Wani abin da ake mantawa shi ne mutuwa. Me zai faru in jinin jarumi ya ƙare? Amsar da ka bayar tana iya zama zuciyar wasan gaba ɗaya. Kamfanin FromSoftware, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, tun daga Demon's Souls na 2009 ya haɗe kuɗi da makin gogewa wuri guda. In ka mutu, duk abin da ka tara yana zube a inda ka faɗi, kana da dama ɗaya ka je ka kwashe, in ka sake mutuwa a hanya ya tafi. Sai tsoro ya shiga kowane taku. Su kuwa Supergiant Games, a wasansu Hades da ya kammala fitowa a 2020, suka juya abin. Jarumin ɗan sarkin lahira ne a tatsuniyar Girka, yana ƙoƙarin tserewa daga gidan ubansa. Duk mutuwa gida take mayar da shi, a can kuma mutanen gidan suna da sabuwar magana da za su faɗa masa, labari ya ci gaba. Mai wasa yana faɗuwa amma bai ji ya yi asara ba. Tambaya ɗaya, amsa biyu, kowace ta haifi wasa mai ɗanɗanonsa.

Jimla ɗaya, ginshiƙi uku

Idan ka samu aikatau da zagaye, gwada matse tunaninka cikin jimla ɗaya da ta faɗi wane ne kai a wasan, me kake yi, da abin da ya bambanta shi da sauran. "Gem ne kamar Elden Ring amma a Afirka" ba jimla ba ce, buri ne. Ba ta faɗa wa mai zane abin da zai zana ba, ba ta faɗa wa mai kod abin da zai rubuta ba.

Daga jimlar sai ka fitar da ginshiƙai, yawanci uku. Su ne alƙalan da za su raba gardama nan gaba. Duk ranar da wani a tim ɗinku ya zo da zumuɗi ya ce a saka tseren doki ko a saka kamun kifi, ba sai an yi faɗa ba. A ɗora shawarar a kan ginshiƙan. In ba ta tallafi ko ɗaya ba, a rubuta ta a littafin "wata rana", a wuce.

Mu gwada da abin da muka sani

Magana a iska ba ta zama, bari mu ƙulla ɗaya tare. A ƙarni na 19 fatake suna tashi daga Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga take, domin sayen goro. Suna tafiya da kanwa, tufafi da kayan fata, a kan jakuna da kawunan 'yan dako. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba, ana yada zango, ana biyan kuɗin fito a bakin kogi, ana biyan sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, ana fargabar 'yan fashi. Tafiyar watanni ce. Kuma goro kaya ne mai rai: in ba a kula da huhu ba, ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara, kafin a iso gida an yi asara.

Ga jimlarmu: kai yaron ayari ne da ke kare kayan madugu a hanyar dawowa daga Gwanja, kuma duk lokacin da ka ɓata a faɗa ko yawo, goro yana lalacewa.

Ga ginshiƙai. Na ɗaya, kaya sun fi kai muhimmanci: ana iya cin ka ba tare da an kashe ka ba, in aka kore jakuna. Na biyu, lokaci abokin gaba ne. Na uku, faɗa na kusa ne kuma mai nauyi, babu tsafi mai share fili.

Aikatau huɗu: duka da gora, gociya, harbi da baka, da kira, wato ka yi wa 'yan ayari ihu su taru ko su watse. Numfashi ne kuɗin uku na farko. In kana son salo na biyu, ga dambe a gabanka: hannu ɗaya naɗe da zare na kai duka, ɗayan a buɗe na kariya da auna tazara, kuma wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Wannan tsari ne da aka riga aka gwada shekaru aru-aru, maɓalli biyu sun ɗauke shi.

Zagayen minti goma sha biyar: a tashi daga zango, a zaɓi hanya, gajeriya mai haɗari ko doguwa mai cin kwana, a yi arangama, a isa zango na gaba, a duba huhu, a sayar da kaɗan a sayi kibau ko a ɗauki sabon mai gadi. Rainon jarumi kuma: kana farawa ɗan dako, amanar madugu tana ƙaruwa, kana hawa har ka zama jagaba, kuma kowane hawa yana buɗe maka sabon umarni ga ayari.

Ka lura har yanzu ba mu raɗa wa yaron suna ba, ba mu san ko maraya ne ba. Amma mai kod ya san abin da zai fara gobe, mai zane ya san jaki yake buƙata kafin fada. Kuma labari ya fara tsirowa da kansa: wa ya sanar da 'yan fashi hanyar da ayari zai bi?

Lissafin da ke ƙarƙashin takobi

Nan ne 'yan Kididdiga da 'yan Akanta za su yi mana rana, domin rabin wannan wasa tebur ne na lambobi. Buɗe Excel tun kafin ka buɗe injin gem.

Misali. Ka ba jarumi jini 100. Cizon kura yana cin 20, ke nan cizo biyar ya faɗi. Kura tana da jini 30, gorarka tana cin 10, duka uku ta mutu. Yanzu mai wasa ya sha wahala ya tara wuri, ya sayi sabuwar gora mai cin 12. A takarda an samu ƙari. A hannu fa? Duka biyu 24 ne, kura tana nan da rai, sai ya ƙara na uku. Bai ji komai ya canza ba, zai ce an cuce shi, kuma ya yi gaskiya. In ka mayar da gorar 15, duka biyu ta gama, nan take zai ji ya girma. Ashe abin aunawa shi ne yawan dukan da ake buƙata, ba girman lambar da ke rubuce ba.

Haka nan ka kula da saurin hawa mataki. A farko a riƙa hawa da wuri don mutum ya ɗanɗani daɗin abin, daga baya tazara ta riƙa faɗi. Kuma kowane 'yan matakai a ba shi sabon abin yi, ba ƙarin lamba kaɗai ba. Sannan zaɓi ya zama na gaske. In ka ba shi hanya uku, gora, baka da dambe, amma kowa ya gane baka ta fi, to hanya ɗaya ka ba shi da ado biyu.

Abokan gaba ma darasi ne, kowanne tambaya yake yi wa mai wasa. Kura tana zagayowa ta baya, tana koya maka juyawa. Maharbi yana nesa, yana tilasta maka barin jakuna ko neman mafaka. Mai garkuwa ba ya dukuwa ta gaba. Iri uku da suka bambanta, in ka iya cakuɗa su, sun fi iri ashirin da launin riga kawai ya raba su. Bos kuwa jarrabawar ƙarshen samista ce: ba a kawo abin da ba a koyar ba, amma ana haɗa duk abin da aka koyar a takarda ɗaya.

Yanzu sai labari

Ban ce labari ba shi da amfani ba. Matsayinsa ne na uku, bayan hannu da zagaye. Kuma duniya ta nuna tana son labarin da ya fito daga gidan mai shi. The Witcher ya taso ne daga littattafan Andrzej Sapkowski na ƙasar Folan. Black Myth: Wukong na kamfanin Game Science a Sin, wanda ya fito a watan Agusta 2024, an gina shi kan wani tsohon littafinsu na ƙarni na 16 mai labarin Sarkin Birai, ya sayar da kwafi miliyan goma cikin kwana uku.

Kusa da mu ma akwai misali. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games suka fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, wasan faɗa da rainon jarumi mai zanen hannu. Labarin wani sarki ne, Enzo, da matarsa Erine, da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, kuma ƙarfin jarumin daga kakanninsa yake fitowa. Madiba ya fara tunanin wasan tun wajen 2003 yana matashi, sun yi fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari, sun nemi tallafin jama'a ta Kickstarter kafin su kai. Darasi biyu ke nan: abin yana yiwuwa a inda wuta ba ta tsayawa, kuma ya ci fiye da shekara goma daga tunani zuwa kasuwa.

In za ka ɗebo daga tarihinmu, ɗebo da ilimi. Je laburare, tambayi malaman tarihi, zauna da tsofaffin 'yan goro a kasuwa. Kuma ka yanke shawara tun wuri kan wuraren da ke da ƙaya. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, an sayar da bayi a cikinta. Za ka kawar da kai ne, ko za ka fuskanci abin da mutunci? Masarautun da ke hanyar suna nan da jikokinsu, ba kowa zai ji daɗin ganin an mayar da kakansa bos ba. Abin da ya shafi addini da iskoki kuma ka san yadda jama'armu take ɗaukarsa. Sau da yawa mafita ita ce ka ari yanayin, ka ƙirƙiri garuruwa da sunayen da babu su.

Tsaya iya tsawonka

Nan ne yawancinmu muke karyewa. The Witcher 3 da ya fito a 2015 ya ci kimanin dala miliyan 81 da shekara uku da rabi, da ma'aikata sama da ɗari biyu a kamfanin CD Projekt Red. Hades da ake kira ƙaramin wasa, mutum wajen ashirin ne suka yi shi, ƙwararru, kuma sun sake shi ga jama'a tun Disamba 2018 suna gyara kusan shekara biyu. Ko masu kuɗi girman buri yana kayar da su: kamfanin 38 Studios ya karɓi lamunin dala miliyan 75 daga jihar Rhode Island a Amurka, ya fitar da Kingdoms of Amalur: Reckoning a 2012, a shekarar ya durƙushe yana tsakiyar gina wani wasan da ya fi ƙarfinsa. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Ku kuma ku uku ne, laftof biyu, ɗaya batirinta ya mutu, ga lakca, ga tes, ga SIWES. Yi wannan lissafin ka gani. Kowane abokin gaba yana buƙatar aƙalla motsi huɗu: tafiya, kai hari, shan duka, faɗuwa. In ana kallon wasan daga sama, fuska huɗu ce, ke nan zanen motsi 16. Abokan gaba goma, 160. A ce kowanne ya ci awa biyu, awa 320 ke nan, ba a taɓa jarumi ba, ba a taɓa fili ba, ba a taɓa sauti ba. Wa zai yi?

Saboda haka yanke. Jarumi ɗaya, makami biyu, abokan gaba iri uku, bos ɗaya, zango biyu da hanyar da ke tsakaninsu. Wasan minti goma sha biyar da ke aiki daga farko har ƙarshe. Zane mai fuska biyu, ba mai zurfi uku ba. Babu wasan haɗaka ta intanet, wannan rami ne. Kuma ka yanke tun yau ko na waya ne ko na kwamfuta. In abokanka ne za su buga, a waya za su buga, kuma babban yatsa biyu a kan gilashi ba sa ɗaukar maɓalli takwas irin na hannun gem. Wannan kaɗai zai rage maka aikatau.

Kayan aiki ba su ne matsala ba. Godot kyauta ne, ba shi da nauyi, laftof mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. Unity yana da tsarin kyauta ga masu farawa. Krita na zane, Audacity na sauti, Blender in ka nace sai mai zurfi uku, duk ba a biya. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai, kada ka ƙare samista kana gardamar wanne ya fi.

Shafi ɗaya, sannan akwatuna

Duk abin da muka faɗa ya kamata ya shiga shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu: suna na wucin gadi, jimlar nan guda, ginshiƙai uku, aikatau da abin da kowanne ke ci, zanen zagaye, abin da ke faruwa in an mutu, yadda jarumi ke girma, jerin abokan gaba, na'urar da za a buga a kai, wa zai yi me, da kuma jerin abin da ba za ku yi ba. Wannan jeri na ƙarshe shi zai cece ku. Takardar nan ce za ka kai wa sufabaiza, ita ce kuma za ka nuna wa ɗan Fasahar Zane da 'yar Mas Kom da kake so su shigo, domin gem ba aikin 'yan kwamfuta kaɗai ba ne.

Daga nan sai gwaji, kuma ba da zane mai kyau ba. Jarumi ya zama koren akwati, kura jan akwati, jaki ruwan ƙasa. Cikin sati biyu ka sa su motsi, su yi duka, su mutu. Miƙa wa wanda bai san komai a kai ba, ka koma gefe ka kama bakinka. Kada ka yi bayani, kada ka kare kanka. Kalli inda ya rikice, inda ya yi tsaki, inda ya gyara zama. In ya mutu ya miƙo maka wayar ya ce "ya yi kyau", kara yake maka. In ya mutu ya ce "tsaya, bari in sake", to ka kama wani abu. Akwatin da ba shi da daɗi, ko ka sa masa rawani da alkyabba ba zai yi daɗi ba.

Wanda yake son ya san nauyin abin da wuri, ya nemi shiga gasar ƙirƙirar gem ta gajeren lokaci. Global Game Jam ana yin ta duk watan Janairu tun 2009, ana ba mutane kimanin awa 48 su fitar da wasa. Ba abin da zai hana ƙungiyar ɗalibai ko sashen kwamfuta su shirya irinta a nan, ranar Juma'a da yamma zuwa Lahadi, in an samu ɗaki da janareta. Kwana biyun nan za su koya maka yankan buri fiye da duk abin da na rubuta.

Shi kuwa abokin namu, bayan sati guda ya dawo da takarda ɗaya a ninke cikin aljihu. Masarautu bakwai sun koma ƙauye ɗaya da daji. Yariman yana nan, amma yanzu mun san yana da sara, gociya da jifa, kuma takobin yana ƙara nauyi duk lokacin da ya kashe wani, har ya kai ga gociya tana gagararsa. 'Yar ajin nasu ta karanta, ta ce, "Yawwa, yanzu ka zo. Yaushe za mu buga?" Ya ce a ba shi sati biyu da cajar da ke aiki.

Kai ma in akwai wani yarima da ke yawo a kanka, nemo takarda yau da daddare ka amsa tambayar nan tata. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kai mu ranar kare furojet lafiya.